Lagdo: Yadda Tuddai Suka Zama Tsibirai a Kogin Binuwai

Idan aka ce Madagaska, ɗan makaranta zai tuna da babban tsibirin nan da ke cikin Tekun Indiya, gabas da Afirka. Amma a arewacin Kamaru akwai wani Madagaska dabam, ƙaramin tsibiri a cikin tafkin Lagdo, inda masunta suke zaune da iyalansu, ba a kuwa isa wurin sai da kwalekwale. Kafin shekarar 1982 babu tsibiri a wurin, babu tafki. Tudu ne kawai a cikin dajin kwarin Binuwai, mutum yana iya hawansa da ƙafa. Sa'ad da aka datse kogin, ruwa ya hau ya rufe fadamu da gonaki da ƙauyuka, kawunan tuddai kaɗai suka rage a waje, su ne tsibiran Lagdo na yau.

Mun saba ɗaukar koguna da tafkuna kamar abin da ba ya sakewa, yadda kakanni suka tarar da su haka jikoki za su same su. Labarin Lagdo ya nuna cewa hannun mutum yana iya sake fuskar ƙasa cikin shekara biyar. Ya kuma nuna cewa wanda ya riƙe kogi daga sama ya riƙe rayuwar waɗanda ke ƙasa da shi, ko ya san su ko bai san su ba. Domin mu gane wannan, sai mu bi kogin tun daga mafarinsa.

Inda ruwan yake fitowa

Kogin Binuwai yana tasowa ne daga tsaunukan Adamawa, arewa da garin Gaundere, a wurin da tsayin ƙasa ya wuce mita 1,000 bisa teku. Waɗannan tsaunuka kamar randa suke ga ƙasashe da yawa. Ruwan da ya gangara kudu yana shiga kogin Sanaga ya tafi teku. Wanda ya gangara gabas yana shiga kogin Logon ya tafi Tafkin Cadi. Wanda ya gangara arewa kuwa shi ne Binuwai.

Da farko kogin yana saukowa da gudu daga kan dutse, yana ratsa dajin da aka keɓe domin namun jeji tun 1932, wanda aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1968. Daga nan ya karɓi ruwan Mayo Rai, gama "mayo" da Fillanci kogi ke nan. Sa'an nan ya iso wata ƙunƙuntar mashiga tsakanin duwatsu biyu, kimanin kilomita 50 kafin Garwa. Wannan mashiga ita ce Lagdo. Bayan ya wuce ta, Mayo Kebbi ya same shi daga gabas, daga ƙasar Cadi, inda tafkin Lere yake, wanda ya yi suna saboda ayu da ke cikinsa. Bayan Garwa, dab da iyakar Nijeriya, kogin Faro ya shigo daga kudu. Daga nan sai Yola da Jimeta, sai Numan inda Gongola ya haɗu da shi, sai Ibi da Makurɗi, har Lakwaja inda ya faɗa cikin Kwara. Tsawonsa duka wajen kilomita 1,400 ne.

Akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe. A Garwa tsayin ƙasa bai wuce kimanin mita 200 bisa teku ba, alhali kuwa da sauran tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ruwan ya kai teku. Wato kogin ya gama yawancin gangararsa tun yana yaro. Daga Garwa zuwa ƙasa tafiyarsa a hankali take, cikin kwari mai faɗi. Saboda haka da damina yakan cika ya bazu hagu da dama, da rani kuwa ya janye har yashi ya fito, a wasu wurare a haye shi da ƙafa. Wannan cikowa da janyewa ita ce ta tsara noma da su da ciniki a kwarin nan shekaru aru aru.

Mutanen bakin kogi da zamanin Fombina

Batawa suna cikin tsofaffin mazauna bakin kogin, daga harshensu kuma aka ce sunan ya fito, ma'anarsa uwar ruwaye. 'Yan'uwansu ne Bacama na Numan. A kan tuddan da ke arewa da Garwa akwai Fali, a kudu kuma akwai Dama da Duru da waɗansu kabilu. Fulani makiyaya sun shigo da shanunsu a hankali suna neman ciyawar fadama.

A farkon ƙarni na 19 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya kafa mulkin da ake kira Fombina, wato kudu, wanda daga baya aka san shi da sunansa, Adamawa. A 1841 ya kafa Yola kusa da kogin, ya rasu a 1847. A ƙarƙashin Yola aka sami lamidai da yawa, kamar na Garwa da Bibemi da Gaundere, da kuma Rai Buba wanda ya yi ƙarfi har yana ja da Yola kanta. Ƙasar da tafkin Lagdo ya rufe a yau tana tsakanin waɗannan masarautu ne.

A zamanin nan ne fataken Hausawa suka yawaita a ƙasar. Suna kawo tufafin Kano da kanwa da kayan fata, suna komawa da hauren giwa da goro. Ba za a ɓoye ba, bayi ma suna cikin kayan cinikin, yawancinsu kuwa daga kabilun da aka ci da yaƙi aka kamo su. Waɗanda suka tsira da yawa sun gudu sun hau duwatsu, suka bar kwarin mai albarka da ƙarancin mutane. Wannan ƙarancin mutane zai dawo cikin labarinmu nan gaba. Unguwannin Hausawa da ke Garwa da Gaundere tushensu yana cikin wannan fatauci.

Turawa sun biyo ruwa

Turawa sun daɗe suna zaton kogin da ke haɗuwa da Kwara a Lakwaja daga Tafkin Cadi yake fitowa, har suna kiransa Cadda. Ran 18 ga watan Yuni 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya iso ta ƙasa daga Barno ya tsaya a mahaɗar Binuwai da Faro. Ya wuce Yola, amma Lamido Lawal bai bar shi ya daɗe ba. Labarin da ya aika gida ya sa Ingila ta aiko da jirgi mai suna Pleiad a 1854, a ƙarƙashin Likita Baikie, ya hau Binuwai da nisa. A tafiyar nan aka riƙa shan kwinin kullum, ba wanda zazzaɓi ya kashe, abin da bai taɓa faruwa ba a irin waɗannan tafiye-tafiye. Cikin jirgin akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop daga baya.

Tun daga lokacin kogin ya zama hanyar baƙi iri iri. Kamfanin Neja ya kafa ciniki a Yola, a cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a bakin ruwa. Ta wannan kogi ne Karl Kumm da abokansa suka hau zuwa Ibi a 1904, ta nan kuma Likita Bronnum na Danmak ya isa Numan a 1913. Yawancin ikilisiyoyin da ke kwarin Binuwai a yau ta ruwa bishara ta fara iso musu.

A 1893 Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka ja layi a kan takarda. Yola ta faɗa hannun Ingila, yawancin ƙasar Fombina kuwa, har da Garwa, ta faɗa hannun Jamus. A watan Satumba 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Lamido Zubairu ya fita, kafin ƙarshen shekarar kuma Jamusawa suka fatattaki rundunarsa a Garwa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingilishi sun kai wa Garwa hari a watan Agusta 1914 ba su yi nasara ba. Sai da suka jawo babbar igwa ta kogin, suka haɗa kai da Faransawa, sa'an nan garin ya faɗi a watan Yuni 1915. Daga nan Garwa ta koma hannun Faransa. Layin 1893 dai ya zauna, ya raba kogi ɗaya gida biyu, kansa a wata ƙasa, jikinsa a wata.

Duk da haka, ruwan ya ci gaba da haɗa ƙasashen biyu. Garwa ta zama tashar jiragen ruwa, ko da yake tana nesa ƙwarai da teku. Wata biyu ko uku ne kawai a shekara, daga wajen Agusta, ruwa yake isa ya ɗauki manyan jirage. A cikin waɗannan makonni ake sauke gishiri da siminti da man fetur, a loda auduga da gyaɗa na shekara guda. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsai da wannan zirga-zirga. A 1974 kuma jirgin ƙasa ya iso Gaundere daga kudu, kaya suka koma bin dogo da mota. Tashar Garwa ba ta sake komawa yadda take a dā ba.

An datse mashigar Lagdo

Shugaban Kamaru na farko, Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa ne. A zamaninsa arewacin ƙasar ba shi da wutar lantarki sai ta injuna masu shan mai, man kuwa daga nesa ake kawo shi. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya ƙara sa hukuma tunanin ajiye ruwa. Mashigar Lagdo kuwa kamar an yi ta domin wannan aiki: duwatsu a kowane gefe, tsakaninsu ƙunƙunta, a bayansu kwari mai faɗi.

Da taimakon ƙasar Sin aka fara aikin a 1977, injiniyoyin Sin da ma'aikatan Kamaru suna aiki tare, aka gama a 1982, shekarar da Ahijo ya sauka daga mulki. Tsawon madatsar mita 308 ne, tsayinta mita 40. Idan aka gwada da girman ruwan da ta tare, ƙaramar katanga ce. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai murabba'in kilomita 586, an kuma gina shi ya riƙe ruwa fiye da kubik mita biliyan 7. An sa injuna huɗu masu ba da wuta megawat 72 gaba ɗaya. Daga nan wayoyi suka tafi Garwa da Marwa da Gaundere. Masaƙa da injunan gurzar auduga da asibitoci da makarantu na arewacin Kamaru sun yi shekaru suna dogara ga wannan wuta.

Mutanen da ƙauyukansu suke cikin kwarin aka tashe su. Gonaki da kaburburan iyaye da itatuwan da aka saba zama a ƙarƙashinsu duk suka nutse. Masunta sun daɗe suna fama da kututturan waɗannan itatuwa, suna yaga musu taru a ƙarƙashin ruwa.

Sababbin mazauna

Kwarin da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka rage wa mutane ya sake cika a ƙarshen ƙarni na 20. Tun kafin madatsar, a shekarun 1970, gwamnati ta fara shirin kawo manoma daga arewa mai nisa, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, zuwa arewa maso gabashin Binuwai. Mafa daga duwatsun Mandara, da Tupuri, da Giziga, da Mundang, da Masa suka sauko suna noman auduga da masara da dawa. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, ya buɗe hanyoyi yana sayen amfanin. Da yawa cikin waɗannan baƙi Kirista ne, suka zo da ikilisiyoyinsu, suka zauna a ƙasar lamidai Musulmi, kowa yana koyon zama da ɗan'uwansa. Rigimar gona da burtali tsakanin manomi da makiyayi, da tambayar ko wane ne mai ƙasa, ba su rasa tasowa ba.

Sa'ad da tafkin ya cika, sai ga masunta. Sabon tafki yakan yi kifi ƙwarai a shekarunsa na farko, gama ciyawa da ganyayen da suka ruɓe a ƙarƙashin ruwa abinci ne. Wannan kuwa ya zo daidai da farin 1983 zuwa 1985, lokacin da Tafkin Cadi ya janye da nisa, fadamun Logon suka bushe. Musgum da Kotoko da Masa suka taho daga can. Hausawa da Jukunawa suka hau daga Nijeriya, har daga Mali aka zo. Suka kafa bukkoki a gaɓa da kan tsibirai, suna kama karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da giwan ruwa. Mata suna yin banda, 'yan kasuwa suna kai ɗanye Garwa, bandar kuwa har kasuwannin Nijeriya. A bakin ruwan ana jin Fillanci da Hausa da Faransanci da Larabcin Shuwa a kasuwa ɗaya.

A haka Madagaska ya sami mazauna da suna. Akwai kuma wani tsibirin duwatsu da Faransawa suke kira Tsibirin Rema, saboda remar da ke zaune cikin kogunan duwatsunsa, masu yawon buɗe ido sukan je kallo. Zaman tsibiri ba shi da sauƙi. Mace mai naƙuda da yaro mai zazzaɓi sai an sa su a kwalekwale kafin a kai ga magani. Dorina tana kife jirgi, iskar hadari tana tasowa ba shiri. Ruwan da ba ya gudu kuma yana renon sauro da katantanwar da ke kawo tsargiya.

Kifin ma bai dawwama yadda ya fara ba. Masunta sun yi yawa, ana amfani da taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin ko 'ya'yan kifi. Saboda haka hukuma ta sa dokar rufe su na wata uku kowace damina, daga Yuli zuwa Satumba, domin kifi ya hayayyafa.

Abin da fadama ta rasa

A ƙasa da madatsar, tsakanin Lagdo da Garwa, manoma suna da wata tsohuwar dabara. Idan kogi ya cika ya kwanta a kan baƙar ƙasa ta fadama, sa'an nan ya janye, sai su dasa masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari. Ba ta bukatar ruwan sama ko ban ruwa, laimar da ƙasa ta sha ita ke kai ta har girbi a tsakiyar rani. Da aka riƙe ambaliyar shekara shekara a bayan katanga, wurare da yawa suka daina samun wannan ruwa da sabon laka, noman masakwa ya ragu. An yi niyyar a rama da noman ban ruwa a kan hekta dubbai, amma abin da aka gyara a wajen Gunugu, inda ake noman shinkafa, bai wuce kimanin hekta 1,000 ba.

Lakar da ta daina zuwa fadama ba ɓacewa ta yi ba, tana kwantawa ne a gindin tafkin. Da yake an sare dazuzzuka an yi gonaki har bakin ruwa, ƙasa tana ƙara zubowa kowace damina, tafkin yana rage zurfi. A 2021 ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, injunan suka kasa ba da wutar da aka saba, Garwa da Marwa da Gaundere suka sha duhu na watanni. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka kafa tashoshin wuta mai aiki da hasken rana a Marwa da Gidar.

Waɗanda ke ƙasa da kogi

Madatsa tana da iyakar abin da za ta riƙe. A shekarar da ruwan sama ya yi yawa, dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba katangar kanta tana cikin hatsari, abin da zai biyo baya kuwa ya fi kowace ambaliya muni. Ruwan da aka saki yana fara cin ƙauyukan Kamaru na ƙasa da Lagdo, sa'an nan ya ƙetare iyaka. Tun lokacin da ake ginin Lagdo aka tsara wata madatsa a gefen Nijeriya, a Dasin Hausa cikin ƙaramar hukumar Fufore ta Jihar Adamawa, wadda za ta tare irin wannan ruwa ta kuma ba da wuta da ban ruwa. An yi fiye da shekara 40 ana maganarta, ba a gina ta ba.

A 2012 aka buɗe ƙofofin Lagdo cikin damina mai nauyi. Hukumar agajin gaggawa ta Nijeriya ta ce ambaliyar shekarar ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ruwa ya yanke hanyar Lakwaja zuwa Abuja. A 2022 abin ya sake faruwa, mutanen da suka mutu suka wuce 600, waɗanda suka bar gidajensu suka wuce miliyan 1.

A bakin mutane da yawa a Nijeriya, Lagdo ce ta jawo duka. Taswirar kogin ba ta yarda da wannan ba. Mayo Kebbi da Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina Ala duk a ƙasa da madatsar suke shiga Binuwai, babu ƙofar Lagdo da ke riƙe da su. Ruwan da ke isa Makurɗi da Lakwaja yawancinsa daga waɗannan koguna ne da ruwan saman da ya sauka a Nijeriya. Amma ga mutumin Fufore ko Yola ko Numan, wanda yake kusa, sakin ruwan Lagdo a kan kogin da ya riga ya cika shi ne bambanci tsakanin gona da ta tsira da wadda ta nutse. Ga kuma wani abu: shekarun da madatsar ta riƙe ruwa sun sa mutane a ƙasashen biyu sun saki jiki, suka gina gidaje a fadamun da kakanninsu suka san na kogi ne.

Akwai inda aka ci gaba. Kamaru da Nijeriya duka suna cikin Hukumar Kwarin Kogin Neja mai hedkwata a Yamai, wadda aka fara kafawa a 1964. A 2023 da 2024 Kamaru ta sanar da Nijeriya kafin ta buɗe ƙofofin, aka kuma saki ruwan kaɗan kaɗan. Sai dai sanarwar da ta tsaya a ofis a Abuja ba ta ceci kowa ba. Amfaninta shi ne ta kai kunnen mai unguwa da limami da fasto a ƙauyen bakin ruwa da sauran lokaci, a kuma sami tudun da za a kai mutane da hatsinsu.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A kan Binuwai abin ya fi haka kusa, gama ruwan ɗaya ne. Masuncin Madagaska yana so tafki ya cika, mai masaƙa a Garwa yana so injuna su juya, manomin masakwa yana so fadamarsa ta jiƙe, matar Numan tana so ɗakinta ya kwana a tsaye. Ba a iya biya wa kowa bukatarsa duka a shekara ɗaya, amma ana iya yin shawara da kowa kafin a taɓa ƙofa. Layin da aka ja a 1893 bai hana jirage hawa zuwa Garwa ba, bai kuma hana ambaliya sauka zuwa Lakwaja ba. Allah ya ba mutanen kwarin nan kogi ɗaya amana, ya rage gare su, da shugabanninsu na ƙasashen biyu, su riƙe shi kamar maƙwabta.